Idan za a iya rubuta zane mataki-mataki, ina kyawunsa yake zaune?

Malamin_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da zane. Ran nan, maimakon in ajiye wa ɗalibai kwalba ko fure su kwaikwaya, sai na rubuta musu umarni huɗu a allo. Ka ja murabba'i ya cika takarda. Ka raba shi gida tara. A kowane gida ka ja layi uku waɗanda ba su taɓa juna ba. Gidaje biyu da ke jingine da juna, kada layukansu su fuskanci waje ɗaya. Shi ke nan.

Ɗalibai 28, takardu 28, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Amma guda uku sun yi kyau har na manna su a bango, sauran kuwa layuka ne kawai a takarda. Kuma kowa ya bi umarnin daidai, na duba ɗaya bayan ɗaya.

To ina kyawun yake? A cikin umarnin, ko a hannun wanda ya bi shi? Ni a ganina duk mai fasaha yana da irin abin da masu kwamfuta ke kira algoridim a cikin kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da muke ce wa baiwa matakai ne da ba a kai ga rubuta su ba tukuna. Wanda yake ganin na yi kuskure ya gyara mini.

Ɗan_Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalmar. Algoridim jerin matakai ne bayyanannu, masu farko da ƙarshe, waɗanda duk wanda ya bi su da abu ɗaya zai iso ga amsa ɗaya. Kalmar ma daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Turawa ne suka juya sunan lokacin da suka fassara littafinsa na lissafi zuwa Latin.

Abin da ka rubuta a allo bai cika wannan sharaɗin ba. Ba ka faɗi tsawon layi ba, ba ka faɗi kaurinsa ba, ba ka faɗi inda zai fara ba. Ka bar ƙofofi a buɗe, kowane ɗalibi ya shige ta wadda ya ga dama. Kyawun da kake nema yana cikin abin da ba ka faɗa ba.

Malamin_Zane:
Na karɓi gyara. Amma ai maganata kenan. Idan na zauna na rufe ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, na faɗi tsawo da kauri da komai, ba zan iso ga zanen nan mai kyau ba?

Ɗan_Lissafi:
Za ka iso ga wannan zanen guda ɗaya. Kwafinsa za ka samu. Hanyar yin na gaba mai kyau kuwa ba ta shigo hannunka ba.

Mai_Kwarashi:
Ni ban san algoridim ba sai yau, amma da na karanta bayanin Ɗan_Lissafi na ce ashe abin da nake yi ne kullum. Saƙa ƙirge ce tsagwaronta. Layi na farko sarƙa kaza, na biyu ki ƙara biyu a kowace kusurwa, ki maimaita har sau kaza. Idan kin yi kuskure a layi na takwas ba za ki gani ba sai kin kai na ashirin, abu ya fara karkacewa, dole ki warware. Amma ku ba mata biyu tsari ɗaya da zare ɗaya da kwarashi ɗaya. Ta ɗaya za ta fito a miƙe, ta ɗaya a takure, saboda yadda kowa ke riƙe zare a yatsanta daban ne. Wannan ba a rubuta shi a takarda. Ni na kan gane saƙar ƙanwata daga nesa.

Alƙalami_da_Tawada:
Malam, da girmamawa, maganarka ta ƙarshe ce ban yarda da ita ba. Ni rubutun Larabci na ƙawa nake yi, kuma ban san wata fasaha da aka ɗaure da ƙa'ida kamarta ba. Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a shekarar 940, shi ne ya kafa mata ma'auni. Ka dangwala bakin alƙalaminka a takarda, ɗigon da ya fito shi ne mudu. Da shi ake auna tsayin alifi, ɗigo kaza a jere. Sannan a zagaya alifin da da'ira, sauran haruffa duka a auna su da wannan da'irar. Fiye da shekara dubu ana koyar da haka.

To kowane ɗalibi yana samun wannan ma'aunin tun watan farko. Me ya sa ake shekara da shekaru kafin hannu ya faɗa? Malamina ya taɓa dawo mini da harafin wawu sau da yawa. Na auna, ɗigo ya cika, lanƙwasa ta yi daidai. Ya ce ma'auni ya cika amma harafin bai numfasa ba. Na tambaye shi me zan gyara, bai iya faɗa mini da baki ba, sai ya karɓi alƙalamin ya ja a gabana. Da mataki ne mai rubutuwa, ai da magabata sun rubuta shi tuni. Ba ragwaye ba ne.

Hasken_Ido:
"Harafin bai numfasa ba." Wallahi wannan kalma ta shige ni.

Mai_Baiti:
Bari in shigo ta ƙofar waƙa, domin akwai misalin da zai amfani ɓangarorin biyu. Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, ya saurari waƙoƙin Larabawa ya fitar da ma'aunin da ake kira aruli. Ya samu karuruwa 15, daga baya wani malami, Akhfash, ya ƙara na 16. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya jera su a cikin da'irori biyar. Ka fara karanta da'irar daga wannan gaɓa, ka samu kari kaza. Ka matsa gaba kaɗan ka fara, wani karin ya fito. Inji ne sosai, sai dai a takarda.

Amma ga inda abin yake. Da'irorin suna fitar da wasu karuruwan da lissafi ya halatta, waɗanda mawaƙan Larabawa na da ba su yi waƙa da su ba. Malaman aruli suna kiran su muhmal, wato waɗanda aka yi watsi da su. Lissafi ya kawo su, kunne ya ƙi karɓa. Kuma kada mu manta, an yi ƙarnoni ana waƙa kafin a haifi Khalil. Waƙa ce ta riga ma'auni zuwa.

Ni kaina idan ina rubutu ba na ƙirga gaɓoɓi. Ina rerawa ne. Sai ɗango ya yi mini tuntuɓe a baki nake komawa in auna, in ga inda ya karye.

Malamin_Zane:
Mai_Baiti, misalinka ya ƙara mini ƙarfi ai. Mawaƙan suna bin doka ba su san da ita ba, har wani ya zo ya rubuta ta. Me zai hana abin da malamin Alƙalami_da_Tawada ya kasa faɗa shi ma yana jiran nasa Khalil ɗin?

Mai_Baiti:
Khalil ya gano abin da ke sa baiti ya tsaya da ƙafarsa. Bai gano abin da ke sa mutum ya ji baiti ya yi hawaye ba. Waƙoƙi marasa daɗi masu cikakken kari sun fi a ƙirga.

Tauraruwa_88:
Malamin_Zane, ko ka san abin da ka yi a aji akwai wanda ya gina rayuwarsa a kai? Sol LeWitt, ɗan Amurka, ya rasu a 2007. Tun daga 1968 ya fara zanen bango, ya bar sama da dubu, kuma akasarinsu ba da hannunsa aka yi ba. Yana rubuta umarni ne, wasu su zo su zana a bango. Wanda ya sayi aikin, takardar umarni da ta shaida yake karɓa. Idan baje koli ya ƙare a shafe bangon da fenti, a sake zanawa a wani gari. A wurinsa tunanin shi ne aikin.

Garkuwa:
To shi me ya yi kenan? Wasu su sha wahalar tsayuwa a kan tsani, suna ya tafi wurin wanda ya rubuta layi biyu?

Tauraruwa_88:
Ɗan'uwa, mai tsara gini fa? Ba ya ɗora bulo ko ɗaya, amma ginin da sunansa ake kiransa. Haka mai tsara kiɗa ya rubuta, wasu su kaɗa bayan ya mutu da shekara ɗari biyu.

Garkuwa:
Mai tsara gini yana faɗin komai har inci. Wannan kuwa kin ce umarni yake rubutawa, wato yana barin masu zanen su zaɓa. Idan zaɓinsu ne ya kawo kyau, kamar ɗaliban Malam guda uku, ai suna da haƙƙi a sunan.

Mai_Manhaja:
Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma da dare nakan yi zane da ita, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki.

Wannan harka ta girmi yawancinmu. A 1965 Georg Nees da Frieder Nake suka baje zanen kwamfuta a birnin Stuttgart na Jamus. Nees yana da wani aiki da duk mai koyo yake gwadawa: murabba'ai a jere, 12 a kwance, 22 a tsaye. Layin sama a daidaice yake tsaf. Kana sauka ƙasa kowane murabba'i yana ɗan juyawa yana gocewa, har na ƙasa su watse kamar tsakuwa. Umarnin gajere ne ƙwarai. Vera Molnár kuma, 'yar Hangare da ta zauna a Faris ta rasu a 2023 tana da shekara 99, ta yi shekaru tana bin matakai da hannu kamar ita ce injin, kafin ta samu taɓa kwamfuta a 1968. Takan tsara abu daidai sannan ta zuba masa hargitsi kashi ɗaya cikin ɗari.

Da na gwada irin na Nees, rubutun bai ɗauke ni minti talatin ba. Abin da ya cinye mini dare uku lamba ɗaya ce, wato iyakar yadda murabba'i zai juya. Na sa kaɗan, abu ya zama kamar takardar lissafi. Na sa da yawa, ya zama shara. Na fitar da hotuna kusan 400, na ajiye biyu. Babu layi ko ɗaya a manhajar da ya gaya mini waɗanne biyun. Ina kallo ne kawai, wani ya wuce, wani ya wuce, sai wani ya tsayar da ni.

Saboda haka ina tare da Ɗan_Lissafi. Algoridim yana shimfiɗa fili ne. Zaɓen inda za a tsaya a filin wani aiki ne daban.

Burushi_Ja:
Ku yi haƙuri, ina ta karantawa raina yana ɓaci. Kuna ta kawo sunayen mutanen da, alhali abin da ke gabanmu yau daban ne. Na shekara tara ina zana bangon littattafan yara. Wani kamfani da na daɗe ina yi wa aiki ya daina kirana. Daga baya na ga littafinsu ya fito da hoton inji, yaro da yatsu shida a hannu ɗaya, kuma ba wanda ya damu. Wannan ita ce algoridim ɗin da ni na sani. Ba falsafa ba ce a wurina, abin da nake ciyar da iyali ne.

Hasken_Ido:
Allah ya buɗa maka wata ƙofar da ta fi, ɗan'uwa. Abin da ciwo.

Mai_Manhaja:
Amin. Burushi_Ja, kukanka yana kan hanya, kuma abin da ya same ka ba irin wanda nake magana a kai ba ne. Nees da Molnár su suka rubuta dokarsu, sun san kowane layi. Injinan yanzu irin su Midjourney da Stable Diffusion ba wanda ya rubuta musu yadda ake zana ido ko hannu. Ana ɗauko hotuna ne daga intanet tare da rubutun da ke bayaninsu. Rumbu ɗaya da aka yi amfani da shi, LAION-5B, ya haura hotuna biliyan biyar. Sai a riƙa zuba wa hoto ɗige-ɗige har ya dushe gaba ɗaya, injin ya koyi komawa baya. Idan ka ba shi umarni, daga ɗige-ɗige zalla yake farawa, yana sharewa kaɗan-kaɗan har siffa ta fito. Shi ya sa yatsu ke ruɗa shi. Bai san hannu yana da ƙashi ba, ya dai ga hannaye da yawa. Kuma ba a nemi izinin masu hotunan ba, abin da ya sa wasu masu zane uku suka kai ƙara kotu a Amurka a watan Janairun 2023.

Garkuwa:
Ga maganata ta ɗazu ta dawo. A 2018 an yi gwanjon wani hoton inji a gidan gwanjo na Christie's a kan dala 432,500. Wasu matasa uku na Faransa ne suka kai shi, amma manhajar da suka ɗora aikin a kai wani matashi ne daban ya wallafa ta. Wa ya yi hoton? Su, ko shi, ko tsofaffin masu zanen da aka ciyar da injin da ayyukansu?

Tauraruwa_88:
Hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba da tata amsar a wata shari'ar. Wanda ya ci gasar zane a bikin jihar Kolorado a 2022 da hoton Midjourney ya nemi a yi masa rajista, ta ƙi, domin a dokarsu sai abin da ɗan Adam ya ƙirƙira.

Dattijon_Zaure:
'Ya'yana, maganar haƙƙi babba ce kuma ta cancanci zaurenta daban. Burushi_Ja, ka buɗe mana ita gobe, za mu zo. Amma tambayar Malam tana da rabi na biyu da ba wanda ya taɓa. Kun yi ta magana a kan mai yi. Mai kallo fa? Da Malam ya zaɓi takardu uku cikin 28, da wane ma'auni ya zaɓa? Ko kallo ma yana da matakai?

Ɗan_Lissafi:
Baba ka taɓo wurin. An gwada. A ƙarni na 19 wani ɗan Italiya, Giovanni Morelli, wanda likitanci ya karanta, ya kawo hanyar gane wanda ya yi tsohon zane. Ya ce a bar kallon fuska da manyan abubuwa, domin nan ne mai kwaikwayo yake zuba ƙoƙarinsa. A duba kunne, da farce, da lanƙwasar yatsa, wuraren da mai zane ke yi ba tare da tunani ba. Da wannan ya sauya sunayen masu zanuka da dama a gidajen tarihi na Turai. Daidai da abin da Mai_Kwarashi ta faɗa game da saƙar ƙanwarta.

Amma a yi hattara. A 1999 wani masanin kimiyya, Richard Taylor, ya ce ya gano ma'aunin lissafi a cikin zanen Jackson Pollock, mai ɗiɗɗiga fenti a kan kyalle, har ana ganin za a iya tantance na jabu da shi. A 2006 wasu masana biyu suka nuna cewa zane-zanen wasa da ɗaya daga cikinsu ta yi a kwamfuta sun tsallake wannan gwajin.

Mai_Manhaja:
Akwai kuma gwajin Michael Noll a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a shekarun 1960. Ya sa kwamfuta ta yi hoto mai kama da wani zanen gajerun layuka na Mondrian, shahararren mai zane ɗan Holand, ya nuna wa mutum 100 kwafin biyun. Mutum 59 suka ce na kwamfutar ya fi musu kyau, kuma 28 kaɗai suka gane wanne ne na injin.

Alƙalami_da_Tawada:
Wannan ya nuna ana iya ruɗa ido. Bai nuna injin ya san abin da ya yi ba.

Malamin_Zane:
Su ma ɗalibaina ukun da na tambaye su, ba su san abin da suka yi ba.

Ummu_Sabir:
Tun ɗazu nake bin ku ban ce komai ba, don ni ba mai zane ba ce. Amma tambayar Baba ta sa na tashi na buɗe akwati. Mahaifina kafin ya rasu, da hannunsa ya fara rawa, likita ya ce ya riƙa zane don motsa yatsu. Akwai takarda ɗaya da ya zana bishiya. Kututturen ya karkace, layin ya karye wuri uku inda hannun ya ƙwace masa, ya sake ɗora biro ya ci gaba daga inda ya tsaya. Duk ma'aunin da kuka ambata, wannan takarda za ta faɗi. Idan aka nuna wa mutum 100 ɗin can, ba wanda zai zaɓe ta. Ni kuwa wuraren nan uku da layin ya karye su nake kallo, domin na san abin da ya ɗauke shi kafin ya sake ɗora biron. Abin da nake gani ba ya cikin takardar gaba ɗaya. Rabinsa yana wurina.

Mai_Kwarashi:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Yaya, kin sa ni kuka.

Dattijon_Zaure:
Allah ya gafarta masa, 'yata.

Ɗan_Lissafi:
Amin. Malama Ummu_Sabir, abin da kika faɗa ko a lissafi yana da gurbi. Kowace algoridim tana aiki ne da abin da aka ba ta. Idan hoton kaɗai aka ba ta, ba ta da hanyar sanin hannun da ya yi rawa.

Garkuwa:
To idan aka ba ta labarin fa? A rubuta mata komai, da rashin lafiyar da likitan?

Mai_Baiti:
Za ta iya rubuta maka bayani mai kyau a kai. Amma ba mahaifinta ba ne.

Malamin_Zane:
Na dawo da rahoto, don jiya na sake shiga ajin. Na zauna da takardun nan uku na yi musu irin kallon Morelli. Na lura dukkansu suna da abu biyu: akwai gida ɗaya da layukansa suka matsu waje guda suka bar fili, kuma akwai layi ɗaya da ya fi sauran kauri. Sai na ƙara waɗannan a matsayin umarni na biyar da na shida, na ba wani ajin.

Gaskiya sakamakon ya ɗaga. Munanan sun ragu sosai, yawancin takardun sun kallu. Wannan ya nuna mini wani ɓangare na baiwar yana rubutuwa, kuma ana iya koyar da shi, don haka ban janye maganata duka ba. Sai dai wadda ta fi tsayar da ni a wannan karon ta wata yarinya ce mai zama a baya, wadda ta bi umarni biyar ta manta na shida. Layukanta duka sirara ne, kamar za su ɓace. Na tsaya a kanta na rasa ko in rage mata maki ko in manna a bango.

Alƙalami_da_Tawada:
Manna ta a bango, Malam.

Mai_Manhaja:
Kafin ka manna, don Allah ka ɗauki hoton duka takardun aji biyun, har da munanan, ka turo mini tare da umarni shidan. Ina so in rubuta su a manhaja in fitar da guda dubu, in cakuɗa da na ɗaliban, mu kawo nan kowa ya zaɓi biyar ba tare da ya san na wane ne ba.

Burushi_Ja:
Ku sa ni a cikin masu zaɓen. Amma a nemi izinin yaran tukuna.

Malamin_Zane:
Zan tambaye su ranar Litinin in sha Allah, ita ma yarinyar zan tambaye ta ko mantawa ta yi ko da gangan ta bar shi.